Zoben da Ba a Haɗe Bakinsa Ba

Jiya a kasuwar Badagishiri na wuce wani yana ƙona robar waya, sai warin ya dawo mini da kakana. Da irin wannan jar waya yake murɗa zobba, sili biyu, ya danne ƙarshensu da haƙori. Bai taɓa haɗe bakin zobe ba.

Ran da ya yi mini nawa, na turo baki na ce, "Baba Tsoho, bai gamu ba."

Ya riƙe yatsana cikin hannunsa mai kaushi, ya ce, "Amaryata, hannu girma shi kai. In ya matse ki, taho in buɗa miki."

Bana ya matse ni, na kuma ƙi bai wa kowa ya taɓa. Allah ya yalwata masa makwanci, yadda ya bar wa yatsana wuri.