Littattafan Yaya Lawali da Na Sake wa Jeri

Shekara goma sha biyu ke nan a watan nan na Safar da rasuwar yayana, Malam Lawali, wanda ya koyar da adabin Turanci a wata sakandare da ke Bakura har ƙarshen rayuwarsa. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Ni firamare na gama, daga nan na yi shekara talatin ina buɗe ƙofofin ruwan noman rani ina rufewa a wajen Talata Mafara. Amma bana wani aiki nasa ya kammalu, kuma ni ne na ɓata aikin tun farko, saboda haka zan faɗi yadda abin ya faru bi da bi.

Da farko, shi mutumin. Yaya Lawali ba ya yarda ɗalibi ya haddace ma'anar kalma ya zo ya zuba masa. Idan ya koyar da abin da Turawa ke kira simili, wato kamanta wani abu da wani, sai ya ce kowa ya kawo misali daga gidansu. Ya taɓa ba mu labarin wata ɗaliba da ta ce kakarta na tafiya kamar agwagwar da ta ƙoshi. Ya ce mata ta ci, kuma idan ta cire "kamar" ta ce kakarta agwagwa ce, ta yi metafo, sai dai kada ta gwada a gaban tsohuwar. Yakan ce manomin Mafara da ya ce gulbi ya yi fushi ya cinye masa albasa ya mayar da ruwa mutum, kuma wannan ma adon magana ne mai suna a jarrabawa, manomin ne kawai bai sani ba.

A ɗakinsa na kusa da zaure akwai kanta mai hawa uku cike da littattafan Turanci. Akwai kuma wani baƙin kundi da ya yi shekaru yana rubutu a ciki: kalmar adabi da Turanci, bayaninta da Hausa, sai wasu lambobi a ƙasa. Jerin kantar nan ya daɗe yana damuna, dogo kusa da gajere, mai kauri ya danne siriri. Na taɓa ce masa, "Yaya, wanga jeri naka ba shi da kai ba shi da gindi." Ya ce, "Garba, kai dai tsaya ga ƙofofin ruwanka. Kowane na inda ya dace da shi." Ban tambaye shi dalili ba, shi ma bai ƙara ba.

Na biyu, kuskuren. Washegarin addu'ar bakwai na shiga ɗakin don in share. Na sauke littattafan gaba ɗaya, na goge su, na jera su bisa tsawo, manya a ƙasa, matsakaita a tsakiya, ƙanana a sama. Da na gama na tsaya a bakin ƙofa na duba, na ji na yi wa mamaci hidima.

Da aka zo rabon gado, malamin da ya raba ya ce littafi ma dukiya ne, dole ya shiga rabo. A cikinmu babu wanda ya san darajar kowane ɗaya, to da yake na riga na jera su bisa girma, sai aka kasa su kashi-kashi a kan tabarma. Bello, babban ɗansa, ya tafi da nasa Morai inda yake noma. Mustafa, mai bi masa, ya tafi da nasa Maradun. Matarsa Kulu ta ɗauki tumuninta, ta koma da shi gidansu a Birnin Tudu bayan ta fita takaba. Autarsa Luba, mai shekara goma sha uku a lokacin, ta sami ƙananan littattafai, aka haɗa mata da baƙin kundin saboda ba shi da kauri. Ita kuma riƙonta ya dawo hannuna.

Shekara shida babu wanda ya sake tuna zancen. Sai da Luba ta shiga kwalejin ilimi, ta zaɓi Turanci kamar ubanta, wata rana da la'asar ta same ni a zaure da kundin a hannu.

"Baffa, bayanin Baba ya fi na malamanmu fita. Amma mi ne ne wanga a ƙasan kowace kalma? Nan ya sa biyu, bakwai, arba'in."

Na karɓa na duba. Haka muke sa lamba a wurin aiki: magudana, ƙofa, sannan iyakar buɗi. Nan take na gane. Hawa na biyu, littafi na bakwai, shafi na arba'in. Bai rubuta sunan littafi ko ɗaya ba, don ya san mazaunin kowanne. Kowace kalma a kundin tana da misalinta a cikin littattafan, kuma hanyar zuwa wurin misalin ita ce jerin da na rushe da hannuna. Ba tare da misalan ba, rabin aikinsa ne ya rage wa yarinyar.

Na faɗa mata gaskiya ba ragi. Ta buɗe wani shafi ta karanta mini abin da ya rubuta a kan tirajidi, wato wasan kwaikwayo mai ƙarewa da baƙin ciki. Ya ce ba mutuwa ce ke sa a kira wasa tirajidi ba. Mutum ne mai hali nagari, halin ya yi masa yawa har ya kai shi ƙasa da hannunsa. Ta ɗago kai ta ce, "Baffa, da Baba na nan, da kai zai ba aji misali." Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Na uku, neman gyara. Littattafan sun zama hakkin magada, ba ni da ikon karɓa, sai roƙon aro. Na fara da Morai. Bello ya zuba nasa a buhu ya jingine da bangon rumbu, gara ta shiga ta ƙasa ta cinye huɗu. Ya ce, "Baffa, wallahi na ɗauka buhun taki ba ya barin gara." Ban yi masa faɗa ba, don ba ni da bakin yi. A Birnin Tudu, bayan mun gama gaisuwa da tambayar gida da gona, Kulu ta buɗe adakarta ta fito da nata a naɗe cikin zane, ko kunne ɗaya bai lanƙwashe ba. Ta ce, "Ni ban iya karanta su, ina dai buɗewa in ga rubutunshi a gefe. In don Luba ne, tafi da su." Maradun ce ta ɗauki lokaci, domin hanyar ba kamar da ba ce, sai an saurari labari kafin a kama ta. Da na isa, na tarar yaran Mustafa sun yage bangon wasu, biyu kuma an ba mai tsire ya yi ƙunshi da su.

Luba ta fara da raba abin da aka samu gida uku, waƙa, wasan kwaikwayo da zube, wato labarin da aka rubuta miƙe ba a baiti ba. Ta gano haka ubanta ya yi, kowane rukuni da hawansa. Amma a cikin kowane hawa, wanne ne na ɗaya, wanne ne na bakwai? Ba wata dabara sai a gwada. Ni ke riƙe kundin in kira lamba, ita kuma ta buɗe wannan shafin a kowane littafi na rukunin, tana neman ɗan layin fensir da yake ja a gefe. Idan ta samu, ta karanta, ta tabbatar ya dace da kalmar, sai in rubuta sunan littafin da lambarsa a takarda daban, tana faɗa mini harafi-harafi. Kowane hutu haka muke yi. A nan na san cewa akwai waƙar Turawa da ba ta wuce layi goma sha huɗu, kuma mawaƙin yakan juya maganarsa wajen ƙarshe. Wannan ƙa'ida ta burge ni. Luba kuwa, kafin mu gama, kusan duk littattafan ta karance su.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da ya ga yau. Ɗalibi na taɓa waya ma'anar kowace kalma ta fito masa. Ina jin wani ɓangaren zai faranta masa rai, don ya sha zama yana buga yatsa a tebur yana lalubar kiɗan baitin Turanci, yana cewa da ma ya ji masu harshen na karantawa da bakinsu. Yanzu da ya ji har ya gaji. Amma da ya ga ana shiga jarrabawa da taƙaitaccen labari ba a buɗe littafin ba, da ransa ya ɓaci ƙwarai. Da kuma ya ga an rufe makaranta makonni saboda tsoron hanya, ban san abin da zai ce ba, don a zamaninsa ruwan sama kaɗai ke hana aji.

A ƙarshe kalma tara suka rage babu misali, littattafansu na cikin waɗanda suka salwanta. Luba, wadda yanzu take koyarwa a Bakura, ta ce za ta nemo misalai da kanta ta rubuta a cikin kundin. Na ce a'a. Na taɓa kayan mamacin nan sau ɗaya na ga sakamako, ba za a ƙara a gabana ba.

Ta ce, "Baffa, kundin nan gadona na. Don girmanka ni ka neman izini. Kai ka taɓa ba ka karanta ba, ni na karanta."

Maganar ta yi mini zafi, kuma gaskiya ce. Na kwana uku ina juya ta, sannan na kira ta na ba ta sharaɗi uku. Ta yi da tawada mai launi daban, don a san nata a san nasa. Kada ta goge masa ko ɗigo. Ta kuma rubuta cikakken sunan littafi a gaban kowace lamba, nasa da nata duka, don kada wani Garba ya sake zuwa da tsintsiya. Ta ce ta yarda da biyu na farko don ni, na ukun kuwa da ma ta yi niyya. A watan jiya ta rubuta misalin kalma ta tara.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya Lawali, ba shi da yawa a ido. Gonarsa an raba, ɗakinsa ya zama ma'ajiyar hatsi, ɗalibansa sun watsu, wasu ko sunansa sai an tuna musu. Abin da ya tsaya shi ne bayanin kalmomin wani harshe da ya zauna ya yi da Hausar da ɗan manomi zai gane, da 'yar da ta iya ɗorawa daga inda ya tsaya. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ni ma ya yafe mini.

Ranar Litinin da ta wuce Luba ta sa kundin a jaka ta hau mota zuwa Bakura, tana da aji ƙarfe takwas. Tun rasuwar mai shi, ranar ce kundin ya fara komawa aji.