Tukunyar Da Sagir Bai Taɓa Shiga Ba

Shekara shida ke nan da muka rufe Sagir a wata maƙabartar Musulmi da ke bayan Taman Melati, a nan Kuala Lumpur. Da na so in bar ranar ta wuce da addu'a kawai, kamar yadda na saba. Sai ga waya daga gida makon jiya: mutumin da ya fito neman auren Rukayya, matar da Sagir ya bari, ya janye. Shi ne na uku. Danginsa sun ce ba za su haɗa jini da matar da mijinta ya mutu da tururin nukiliya ba.

Garinmu ɗaya da Sagir, kuma ɗaki ɗaya muka zauna kafin ya kawo iyalinsa. Ni kasuwanci ya kawo ni, shi digiri na uku. Abin da ya zo nazari a kai ya ba mu dariya tun farko: yadda ake sake wa manyan jiragen ruwan yaƙi makamashinsu na nukiliya idan an shigar da su garambawul. Mukan tsare shi a shagon mamak, wato wurin cin abinci na Indiyawa Musulmi, ana shan shayi, mu ce, "Injiniya, mu da ko wutar lantarki ba ta ishe mu ba, wane jirgin za ka gyara?" Sai ya yi murmushi ya ce wanda ya iya sarrafa ƙaramar tukunya a cikin jirgi, ta gari ba za ta gagare shi ba.

Tukunya yake kiran injin da ke ba jirgin ƙarfi, sandunan makamashin kuma gawayi. Ya ce irin wannan jirgi yakan yi shekara ashirin da wani abu yana yawo bai sha mai ba. Ran da gawayin ya gaji, sai a ja shi wani kwarami a bakin teku, a tsotse ruwan, a yanka jikinsa, a zaro tsofaffin sanduna a sa sababbi, aikin da ke cin shekaru. Lissafin zafin da tsohon gawayin ke ci gaba da fitarwa bayan an kashe tukunyar, shi ne aikinsa. Kuma duk a kan kwamfuta yake yi, da takardun da kowa zai iya karantawa, yana zaune da gajeren wando a gaban fanka. Malesiya ba ta da irin jirgin nan. Sagir bai taɓa ganinsa ba sai a hoto.

To, Allah ya yi shi da son sauƙaƙa wa mutane magana. Idan mahaifiyarsa ta kira ta tambayi karatu, sai ya ce, "Inna, yau wuni na yi a cikin tukunya ina kwashe gawayi." Na sha jin haka da kunnena, har ina dariya. Ita kuwa, baiwar Allah, da alfahari take maimaita wa maƙwabta. Magana zarar bunu ce. Da ciwon hanta ya kwantar da shi, aka ga hotonsa ya rame idanu sun yi rawaya, garinmu ya riga ya yanke hukunci. Ba wanda ya tuna cewa ciwon nan ne ya kashe mahaifinsa, mutumin da bai taɓa wuce Kaduna ba.

Nakan tambayi kaina abin da Sagir zai ce da ya ga yau. Akwatunan littattafansa suna kulle a wani ɗaki can gida, ba mai yarda ya buɗe. 'Yarsa Amira, da ta koma gida tana cewa "boleh" maimakon "to", akwai gidajen da har yanzu ake ware mata kofi. Na san ba zai yi faɗa ba. Zama zai yi ya ɗauki tsinke ya zana musu tukunyar a ƙasa, ya yi ta bayani har a kira magariba. Ni ba ni da haƙurinsa. Wallahi abin nan yana yi mini ciwo, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Bai kai ga ƙare digirinsa ba. Jirgi bai gyara ba, wutar da ya yi wa garinmu mafarki ma ba ta zo ba. Abin da ya bari shi ne mace mai mutunci da ta yi jinyarsa ba ta taɓa ɗaga murya ba, da yarinya mai kai irin nasa sak, da abokai da har gobe ba ma iya zama a teburin da ya saba zama. Wannan gadon bai cancanci a guje shi ba.

Allah ya jiƙan Sagir, ya sa ya huta. Ku kuma mutanen gida, gani ya kori ji. Mu uku muka yi masa wanka, ni na riƙe kansa, ni na shiga kabari na kwantar da shi. Bayan nan an haifa mini yara biyu, lafiyarsu ƙalau. Zan zo gida da Babbar Sallah in Allah ya yarda. Duk mai son Rukayya da gaske amma tsoro ya hana shi, ya fara zuwa ya ba ni hannu mu gaisa.