Hajiya Ramatou da Tukunya Mai Kwalba Bakwai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, bayan sallar azahar, Allah Ya yi wa maƙwabciyarmu Hajiya Ramatou rasuwa a nan Takoma Park. Kwana biyu ke nan da raɗin sunan jikata ta farko, Afnan. Ina tsakiyar murnar da ban taɓa yin irinta ba labarin ya same ni.

Hajiya, shekara ashirin kika yi kina girki a ɗakin cin abincin ma'aikata a Southwest Washington, kuma babu ɗalibin da ya zo daga gida bai ci tuwonki ba. Wasu za su faɗi wannan. Ni abin da kika yi wa 'yata Hairat zan faɗa.

Shekara takwas Hairat tana ɓari kafin wannan ciki ya zauna, likita kuma ya hana ta tsayuwa. Mahaifiyarta ta rasu, mijinta Fatihu direban babbar mota ne, sai ya yi mako biyu a hanya. Saura ni, tsohon da bai taɓa soya albasa ba. Damuwata ita ce wa zai ciyar da mai jego kwana arba'in. A watan Agusta na kai miki kukana. Kika ce mu dafa farfesu da wake tun yanzu, mu rufe a kwalabe, mu turara su a tukunya mai kulle murfi, wadda ƙarfin tururinta ke sa abinci ya yi watanni bai lalace ba. Na ce ai kina nan, me ya sa ba za ki dafa sabo in lokacin ya zo ba? Kika ce, "Malam Dabo, yi abin da na ce." Ban san kina jinya ba.

Na je kanti na zaɓo tukunya mafi girma, mai cin manyan kwalabe goma sha tara. A wurinmu ai ba a yin hidimar haihuwa da ƙaramar tukunya. Da kika gan ta sai da kika zauna don dariya.

"Kai Bakano! Maulidi za ka yi? To ɗora ta mu gani."

Na ce, "Ku Damagarawa rowa ce ta hana ku sanin tukunya."

Na ɗora. Murfin ya tokare da kabad ɗin da ke saman murhu. Kika sa na sauke, na zuba ruwa da kwalabe, kika ce in ɗaga. Ko motsi ba ta yi ba. Kika nuna mini murhun, wanda samansa gilashi ne, kika ce wannan nauyi zai iya tsaga shi.

Kunya ta sa na ɗauko 'yar tukunyar da Hairat ke dafa wake, ita ma mai kulle murfi. Nan dariya ta ɗauke daga fuskarki. Kika ce duk wadda ba ta ɗauki kwalba huɗu masu cin lita guda a tsaye ba, saurin zafi take yi da saurin hucewa, naman ba zai tsira ba, kuma gubar da ke fitowa ba ta wari. "Mai shayarwa za ta ci wannan, Malam."

Muka mayar da babbar, muka karɓo mai kwalba bakwai, wadda nake ɗagawa ni kaɗai. Kin san sai da na kai shekara arba'in na shiga ajin yamma na yaƙi da jahilci, karatuna a hankali yake. Kika jira na rubuta komai a littafina da hannuna, har minti casa'in ɗin da ake turara nama. Asabar huɗu muka yi. A ta ƙarshe kina zaune a kujera, ni ke aiki, ke kina kallon agogo. Na ɗauka gwada ni kike yi.

Ranar suna kina asibiti, ba ki ga Afnan ba sai a waya. Bayan haihuwa Hairat ta dawo gida a galabaice, nono bai zo sosai ba. Kullum nakan buɗe kwalba, in tafasa, in kai mata da tuwon shinkafa da ƙanwarki ta koya mini. Jiya ta miƙe da kanta ta yi wa 'yarta wanka, yarinyar ta sha ta ƙoshi ta yi barci. Hairat ta ce in faɗa miki. Na rasa inda zan faɗa, shi ya sa na rubuta.

Allah Ya jiƙanki, Hajiya, Ya sa ciwon da kika ɓoye ya zama kaffara, Ya ciyar da ke daga abincin Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Alhaji Souleymane, da 'ya'yanki Nassirou da Rabi'atu, da dangi na Damagaram. Allah Ya ba ku haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Dabo Sule Gwarzo
Takoma Park