Ranar da Rumfata Ta Koma Adamawa

Na daɗe ina tuƙa tuwo a bayan wani kamfanin jima a Challawa, amma babu ɗan adaidaitan da ya taɓa kawo mini kaya har bakin rumfa. A titi suke sauke ni, wai waya ba ta san lunguna ba. Buhun masara, itace, jarkar manja, duk a baro nake tura su, ga gwiwa ta fara yi mini gardama.

Jikata ce ta ce za ta gyara. Ta karanci aikin taswira, kuma tana cikin masu zana wata taswirar waya ta kyauta, wadda kowa ke iya sa hannu a cikinta.

Na ce, "Tukunyar da kowa ke sa wa hannu, ni ban yarda da ita ba."

Ta ce, "Hajiya, ku dai ku nuna mini hanya."

Ta aro wata 'yar na'ura mai rubuta duk inda ƙafa ta taka. Kwana uku muna yawo. Na bi da ita ta hanyar da ma'aikatan Panshekara ke yankewa, na nuna mata katakon da ake tsallake kwatar jima a kansa, da kwanar da ake toshe hanci. Tana danne-danne, ni ina lura da ita, don yaran yanzu sai su bi waya su faɗa rami.

Da muka koma gida ta zuba abin a kwamfuta. Shiru. Ta ƙara. Shiru.

"Ke 'yar nan, me ya faru?"

"Manhajar taswirar ba ta karanta irin rubutun da na'urar ta yi. Kowacce da tsarinta."

"Wato murfin wata tukunya kika ɗauko?"

"Kusan haka. Ko mu sake zagayawa da wayata?"

Na miƙe mata ƙafata, na nuna kumburin. "Da wace gwiwar? Ki koya wa abin naki karatu. Ni da ban shiga aji ba ina gane rubutun jikin buhu."

Ashe ana iya hakan. Wai manhajar a buɗe take, duk wanda ya iya sai ya ƙara mata abin da ta rasa, masu kula da ita su duba su karɓa. Mako biyu tana fama, tuwo na hucewa a gabanta. Ran nan da hantsi ta zo rumfa da gudu, rungume da kwamfutar.

"Hajiya, ya buɗe!"

Na leƙa. Zanen hanyarmu na nan a karkace, amma kewaye da shi duk duwatsu da kore.

"Ina kamfanin? Ina titin?"

Ta matso da fuska, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Kun koma Adamawa! Kun kusa Kamaru!"

"Ni da ban taɓa wuce Wudil ba?"

Wai kowane wuri lamba biyu gare shi, ta arewa da ta gabas. Na'urar tana fara faɗin ɗaya, manhajar tana jiran ɗayar, ita kuma ba ta juya su ba. Ma'aikatan da ke cin abinci suka samu abin yi. Wani ya ce, "Hajiya, nawa ne kuɗin mota zuwa cin tuwo?" Na ce ya ci ya tashi, ƙararrawar komawa aiki ta kusa.

Washegari ta juya lambobin, rumfata ta dawo Kano. Ban bar ta ta tura shi cikin taswirar ba sai da na bi zanen da yatsa tun daga titi. Ta manta katakon kwata. Na sa ta saka.

Bayan 'yan makonni ina kwashe tuwo na ji hon a bayana. Ɗan adaidaita ne, da buhuna biyu, yana kallon waya yana kallona.

"Nan ne wajen mai tuwo?"

"Nan ne. Sauke a hankali, kada ka fasa mini buhu."

Baron yana nan a jingine. Kaji ke kwana a ciki.