Lungun da Lamile Ta Zana

Duk unguwar Teshi da ke bakin tekun Akra an san Lamile da iya zanen gini, an kuma san ta da kaifin baki. Tana goye uwarta ta rasu, ƙanwar uwar, Inna Koshi, ta raine ta a gindin murhun ƙyafe kifi har ta tura ta karatu Kumasi. Ta dawo da takardar shaida da zuciya irin ta mariƙiyarta, ba ta barin ta kwana. Shaguna da ɗakunan haya take zanawa, rabin masu ba ta aiki da faɗa suke rabuwa.

Ana nan sai wani ɗan unguwar mai suna Okante ya dawo daga Turai da teɓa da sarƙa a wuya. Ya saye tsofaffin gidaje a gaɓar ruwa, inda cunkoso ya kai ko akuya sai ta karkace take wucewa, ya sa aka rushe su. Ya kira Lamile, don ya san baƙo in ya zo awo jifa zai sha.

"Hawa uku nake so," in ji shi. "Wurin iyo a sama, motoci a ƙasa. Katanga kuma doguwa, kada in buɗe taga in ga wata tana kankare tukunya."

"To ka sayi tsakiyar tekun mana, Yallaɓai, ka huta da mu."

Bai yi dariya ba, ita ma ba don dariya ta faɗa ba. Amma ta karɓi aikin. Ba a taɓa ba ta irinsa ba, kuma ranta ya biya.

Matsalar ɗaya ce. Lungun da mata ke bi da daruka daga jiragen masunta zuwa murahu ya faɗa cikin filin Okante. Lamile ta yi makonni tana fama da shi. Ta matse matakala, ta rage wurin motoci, ta juya falo ya fuskanci ruwa, har ta samar wa matan hanya ta gefen katanga, siririya amma tana ɗaukar mutum da kayansa.

Ranar da take kafa turaku, Inna Koshi ta iso, hayaƙi na tashi daga zaninta, mata na biye da ita.

"Ke ce yau mai auna mu?"

"Inna, hanya na bar muku. Ga ta nan."

Tsohuwar ta dubi tsakanin turakun, ta tofar da yawu. "Wannan? Ramin ɓera? Kifin da na ƙona idona a kansa ne ya koya miki riƙe wannan igiyar, 'yar banza. Iskar da ke shigo mana tsakar gida fa, ta ina kika bar mata?"

Lamile ta yi abin da ta saba, ta ɗaga murya. "Ni na sayar masa da filin? Ku je ku tambayi 'yan'uwanku da suka karɓe kuɗinsa suka yi shiru!"

Daga ranar babu mai amsa gaisuwarta. Mai dokunu, tuwon masarar da take saya tun tana ƙarama, ta ce ya ƙare, ga tukunya cike a gabanta.

Okante kuma da ya ga zanen ya ɗora yatsa a kan lungun. "Wannan na uban wa ne?"

"Na mutanen da suka riga ka zuwa nan."

"Goge shi."

"Ba zan goge ba. Can ma a Turai haka kake tare wa mutane hanya, ko shara kawai suka bari ka yi?"

Ya kore ta nan take, ya riƙe zanen. Ya ɗauko wani mai zane daga cikin gari, shi ya goge lungun, ya ƙara wa katanga tsayi, sauran kuwa bai taɓa ba. Gida ya tashi kyakkyawa, yadda ta so shi, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Mata suka koma zagaye ta bayan kwata da kaya a ka, duk wadda santsi ya kwasa sunan Lamile take kira da zagi.

Inna Koshi ba ta jure ba, ta kwashe ragogin ƙyafenta ta koma unguwar Corko wurin wata ƙawarta. Lamile ta zo taya ɗaure kaya, tsohuwar ta doke mata hannu. "Kada ki taɓa, kya auna su."

Lamile ta kai Okante kotu a kan zanenta, shari'ar tana ta jan ƙafa har yau. An ba ta shawarar barin unguwar, ta ƙi. Ta ma kama shago daidai ƙofar gidansa, ta kafa teburin zanenta a bakin hanya. Kullum sai direbansa ya yi ta hon kafin ta janye kujera, a hankali, tana kallon gilashin motar ido cikin ido.