Hukuncin da Na Yanke Ina Shan Rake

Akwai abu guda da nake so a ce ban aikata ba. Na ƙaryata mutumin da ya rantse a kan gaskiya, a gaban mutanen gari biyu, kuma mutumin nan abokina ne. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, duk sanda na tuna yadda abin ya faru, dariya ke riga nadama zuwa. To, ku yi dariyar tare da ni, amma ku bari in kai ƙarshe.

A shekarun ƙarfina fatauci nake yi tsakanin Sabon Birni da Maraɗi. In kai gero da dawa, in komo da dabino da kanwa. Karatuna bai yi nisa ba. Aji huɗu na yi a firamare, ina karanta Hausa, ina tsintar Turanci, Faransanci kuwa ban wuce gaisuwa ba. Wata rana ina shan shayi a tashar Maraɗi na ga mai shayin zai yage wani ɗan littafi ya naɗe burodi. A bangon akwai hoton ɗan wasa ya tashi sama zai sa wa ƙwallo kai. Na ce ya ba ni, ya miƙo mini bai ko ɗago ba.

A saman lodi, muna hanyar gida, na buɗe shi. Hannuwa ne tun daga farko. Shafi na ɗaya tafi biyu a haɗe. Na biyu hannu ɗaya a bayan ɗaya. Na uku yatsu sun shiga juna. Na huɗu an damƙe babban yatsa. Kowane hoto da lambarsa, da Faransanci a ƙasa. Na ce Allahu Akbar, ga dokar taɓa ƙwallo da hannu dalla-dalla, Allah Ya kawo ta hannuna. Sai na kai shafin ƙarshe. Can na ga buta, da sabulu, da wata yarinya tana murmushi. Zuciyata ta faɗa mini wata magana. Na ce mata ai 'yan wasan Turai masu tsabta ne, dole su wanke hannu bayan wasa. Duk da haka na yage shafin na saki, iska ta yi gonakin mutane da shi.

Lokacin ba mu da gidan kallo. A rediyo muke jin wasa, a gindin darbejiya, kuma mukan yi musu har muryoyi su dushe a kan abin da babu wanda ya gani a cikinmu. Wannan ya ce hanbol ne, wancan ya ce alƙalin wasa ya ci goro. Ranar da na fara zaro littafin daga aljihu duk majalisa ta juyo kaina. Na lashi yatsa na juya shafi, na motsa leɓe kamar mai bita, na ce, "Doka ta uku. In yatsu sun shiga juna babu laifi, don mutum kansa yake karewa." Aka yi kabbara. Da aka tambaye ni ta huɗu na ce babban yatsa shi kaɗai ba hannu ba ne, sai ya haɗu da 'yan uwansa. Wallahi da bakina na faɗi haka, dattijai masu gemu suna gyaɗa kai. Na kai littafin wurin baduku ya ɗinka masa gafaka ja. Daga nan sunana ya koma Malam mai littafi, ni da ban gama firamare ba.

Abokina ɗan garin Isa ne, mai awo a kasuwar hatsi. A hannunsa nake sayen gero. Mutum ne da ba a tsaya masa a kai in yana awo. Ka ba shi buhu ka tafi sallah, ka komo ya ce tiya kaza, shi ke nan. Kuma shi ne mai tsaron bayan 'yan Isa, ƙato, faɗin ƙirjinsa kamar ƙyauren zaure.

Wata shekara bayan an gama ɗaurin gero aka haɗa wasa tsakanin samarinmu da na Isa, a filinmu, akuya ce ladar wanda ya ci. Wani malamin firamare ne ya riƙe usur. Ni kuwa aka ajiye mini kujera a inuwa, in abu ya rikice a zo gare ni. Yau in na ga alƙalin wasa ya ruga wurin ɗan akwatin nan na gefen fili ya sake duba wasa, sai in ce a raina, ai ni ne na farko, kuma na Turai bai fi ni ɓata lokaci ba.

Ana kunnen doki, la'asar ta yi sanyi, saura kaɗan a tashi. Ƙishi ya dame ni, na tashi na bi mai rake bayan taro. Ina tsaye na juya wa fili baya, ina zaɓen gaɓa mai kauri, sai na ji ihu ya tashi kamar an ga wata. Ɗan gabanmu ya buga, ƙwallo ta bugi abokina ta fita waje. Mutanenmu na cewa hannu, 'yan Isa na cewa ƙirji. Malamin firamare ya ce ƙura ta tare masa ido. Sai ga jama'a sun yo kaina, aka ɗauke ni caɗak, da raken a bakina, aka dire a tsakiyar fili.

Abokina ya zo gabana yana haki. Ya ce, "Aboki, kai dai ka san ni. Wallahi tallahi ƙirjina tab buga. Ga shaidar ƙasa nan ga riga."

Da gaske akwai tambarin ƙura a ƙirjinsa, zagaye kamar faifai. Na gani. Amma a bayana akwai mutanen garinmu, akwai surukina, akwai mai rake da ya san inda nake lokacin da abin ya faru amma ya yi gum don shi ma namu ne. Kuma ba a taɓa ɗaukata a kafaɗa ba sai ranar. Abin da daɗi, kar wanda ya ce muku babu daɗi.

Na tofar da ɓawon rake na ce, "Nuna mini yadda hannuwanka suke lokacin."

Ya sa hannu ɗaya a bayan ɗaya, can ƙasan cibiya, yadda masu tsaron baya ke yi. Na buɗe gafaka. Shafi na biyu ya fito, hannu a bayan hannu, sak. Na ɗaga littafin sama na juya gabas da yamma kowa ya gani.

"Doka ta biyu," na ce. "Wanda ya ɗora hannu a kan hannu ya yi niyya. Fenariti ne."

Aka buga, ta shiga. Aka zagaya gari da ni da akuya, ban san wanda aka fi yi wa kirari ba a cikinmu. Abokina ya cire rigar ya kakkaɓe ƙurar, ya hau mota.

Na ɗauka abin zai tsaya a fili, sai ya bi shi kasuwa. Da wasa aka fara. Yana awo wani ya ce, "A duba ko hannu ya shiga tiya." A yi dariya. In yaro ya yi ƙarya ya rantse, sai a ce ya yi rantsuwar mai awo. A hankali mutanen da ke barin masa buhu su tafi sallah suka fara tsayawa suna ƙirga tare da shi. Ba su daina zuwa ba, tsayawa kawai suke yi. Ga mutum irinsa wannan ya fi mari. Ya daina ƙwallo. Ni kuma in na shiga kasuwar Isa sai in bi ta layin masu tukwane, in sayi gero a hannun wani.

Bayan 'yan shekaru wani direba ɗan Nijar da ya yi lakwal, wato bokon Faransanci, ya ga gafakar ya ce in ba shi ya gani. Ya karanta layi ɗaya ya zauna a ƙasa. Ya karanta na biyu ya kwanta. Da ƙyar ya iya cewa, "Malam, wannan na koya wa 'yan makaranta wankin hannu ne kafin cin abinci." Na cika masa aljihu da goro na roƙe shi ya rufa mini asiri. Ya rufa, Allah Ya jiƙansa. Ni kuma na ci gaba da yanke hukunci, sai dai na daina ɗaga littafin sama in akwai baƙo daga arewa.

Shekaru suka tafi. Rashin zaman lafiya ya tashi mutane daga ƙauyuka, hanyar Isa ta zama sai da addu'a. Abokina, wanda ya koma noma a wajen Tozai bayan ya bar awo, ya dawo Sabon Birni wurin 'yarsa da ke aure a nan. Muka riƙa haɗuwa a masallaci. Gaisuwa dai muna yi, irin wadda ba ta wuce lafiya lau.

Bara, wata Asabar bayan la'asar, muka samu kanmu a benci ɗaya a gidan kallo. Ƙwallo ta bugi wani mai tsaron baya a dantse, alƙali ya tafi wurin akwatinsa, aka yi ta maimaita hoton gaba da baya kamar ana tankaɗe. Rumfa ta kama da musu.

"Hannunshi na jikinshi! Yanke shi za ya yi ya aje gida?"

"Kai ka taɓa ganin mutum na gudu awa kaza ta ga shaho? Ya buɗe hannu!"

"Sun ce daga inda hannun riga ya ƙare aka ƙirgawa."

"To mu masu babbar riga mun huta, har yatsu ba laihi!"

Wani tela ya miƙe yana gwada yadda ake faɗuwa ba tare da hannu ya motsa ba, ya faɗa kan mai gyaɗa. Ana cikin haka wani matashi ya hango ni ya ce, "Baba mai littahi, mi doka tac ce?" Wani kuma, wanda ko haihuwarsa ba a yi ba ranar wancan wasa, ya juya ga abokina ya ce, "A'a, a bari Baba mai awo shi rantse muna, sai mu san hannu ne."

Rumfa ta fashe. Abokina ya yi murmushi, ya laluba sandarsa zai tashi. Murmushin nan ne ya tashe ni tsaye. Na ce a rage sautin talabijin. Na faɗi komai: mai shayi, buta da sabulu, rake, tambarin ƙura, direba. Na ce ƙirjinsa ta buga, rantsuwarsa gaskiya ce, ni ne maƙaryacin.

Ba a taɓa yin dariya a rumfar nan kamar ranar ba. Tela ya ce in maimaita doka ta huɗu. Wasu suka shiga gwada wankin hannu suna kiran fenariti. Da ƙura ta lafa sai mai gidan kallo ya dafa ni ya ce, "Baba, Allah shi saka da alheri, so kake ka wanke abokinka don kun tsufa. Amma littahin nan kakana ya gan shi da idonai." Ba wanda ya yarda. Shekara da shekaru sun gaskata ƙaryata, ranar da na faɗi gaskiya suka ce barkwanci ne.

Muka fito tare da abokina, karo na farko tun muna da baƙin gashi. Muna tafiya a hankali, shi da sanda, ni da gwiwa. Can ya tsaya ya ce, "Wankin hannu?"

Na ce, "Wankin hannu."

Ya yi dariya har sai da ya jingina da katangar wani. Ya share hawaye ya ce, "Ɗan banza. Raken ma ko ɗanɗana mini ba ka yi ba."

Na ce ya yafe mini. Ya ce shi ya yafe tuntuni, don ba ya son ya tsaya da ni gaban Allah a kan ƙwallo, abin kunya ne gare mu duka. Amma jikokinsa suna jin ana cewa rantsuwar mai awo a makaranta, kuma ba su san kakansu ake nufi ba, wata rana za su sani. Ya ce, "Ka ga bakinka bai ishe su ba. Ka rubuta. Ka sa a takarda, a karanta musu."

To ga shi na rubuta, ni da hannuna, ina cikin hankalina, ba wanda ya tilasta ni. Ƙwallo ƙirjin mai awo ta buga. Ban gani ba lokacin da ta buga, amma na ga shaidarta, kuma na san mutumin. Ci ɗayan nan ba namu ba ne, akuyar ma da aka yi watanda da ita ba halalinmu ba ce, wanda ya ci ya nemi gafara. Gobe in Allah Ya kai mu za ni gidan 'yarsa in karanta wa yaran da kaina.

Ku kuma da kuka karanta, ku yi musunku na ƙwallo, yana da daɗi, ni ma ban daina ba. Amma in aka ɗauko ku a kafaɗa aka ce ku raba gardama a kan abin da ya faru kuna kallon wani wuri, don Allah ku ce ba ku gani ba, ku sauko.