Bulon sola a ƙarƙashin tukunyar suna

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ka, amma ranar sunan jikana na wajen ɗana babba tana nan daram, kuma na san da ita za a kai ni kabari.

A shekarun nan ne da komai ya taɓarɓare. A ɗauke kuran, wato wutar lantarki, kwana da kwanaki, famfo ya ƙafe, gas ya yi wuya. Gidanmu na unguwar Briqueterie kuwa ya cika da dangin maigida da suka gudo daga arewa saboda tashin hankali. Benenmu ba kwano gare shi ba, dal ce, rufin siminti, shimfiɗaɗɗiya. Ta daɗe tana yoyo, da rana kuma ɗakunan sama kamar tanderu, sai da ɗana ya sa aka shimfiɗa mata farar kumfa mai tsare zafi, aka lulluɓe da kwalta, sannan muka san barci. Saboda haka da ya ce zai sa sola a kai, ban yi murna ba. Na ɗauki kujerata da lema na hau, na zauna kan masu aikin.

"Duk wanda ya huda mini dal, da ni zai yi," na ce da babbansu.

Ya yi dariya. "Hajiya, ko kin ce a huda ba zan huda ba. Ruwa ya shiga kumfar nan, an gama."

"To me zai riƙe su? Addu'a?"

"Nauyi," in ji shi.

Suka shimfiɗa baƙar roba, suka jera ƙarafa, suka ɗaura farantan sola, sannan suka danne kowace ƙafar ƙarfe da manyan bulo na siminti masu ɗigon shuɗin fenti. Babban nasu ya ce muddin bulon na wurinsu iska ba abin da za ta yi, amma kada a ɗaga ko ɗaya. Na ji da kunnena. Sai dai mu biyu kaɗai muka ji, ni da ɗana.

Ranar suna ina ɗaki wajen maijego tun safe, ina karɓar baƙi. Bayan azahar na sauko duba girki. Da itace ake yi a tsakar gida, kuma wanda ya san unguwarmu ya san ko dutsen jifan kare sai an nema, balle na murhu. Ina zuwa na ga manyan tukwane zaune daram kan bulo masu kyau. Har na buɗe baki zan yaba, sai idona ya faɗa kan ɗigon shuɗi, hayaƙi ya fara cinye shi. Na juya ga matan.

"Ina kuka samo waɗannan?"

Ƙanwar maigida, wadda ta zo daga arewa kuma ita ke riƙe da girkin, ta share gumi ta ce, "A sama mana, Yaya. A jibge suke ba aikin fari ba na baƙi. Ai mun bar musu ɗai-ɗai. In an sauke sai a mayar."

Na ɗaga kai. Gabas ta yi baƙi ƙirin, ledoji sun fara tashi. Lungun da ke gindin benen kuwa maƙil yake da maza a kan tabarmi suna jiran abinci, yara na tsalle a tsakaninsu. Farantin nan guda, mutum biyu suka yi ta nishi kafin su hau da shi, bakinsa kuma ƙarfe ne.

Na sa aka kira mini mai sola. Yana can unguwar Etoudi mai nisa, ya ce ko babur ya hau hadari zai riga shi. "A kwashe mutane daga ƙasa. A danne ƙafafun da duk wani abu mai nauyi. Kada a taɓa waya, kada a ja komai kan kwaltar."

Bulon suna cikin wuta, ba mai iya taɓa su. Sai na tuna jarkokin ruwa da rashin famfo ya sa muka tara a bayan matakala. Na daka wa matan tsawa, kowa ta saki ludayi ta ɗauki jarka. Ni da gwiwoyina da ba sa kai ni masallaci sai da hutu, ban san yadda na isa sama ba.

Na leƙa lungu na ƙwala, "Ku tashi daga nan! Ku shige zaure!"

Wani dattijo abokin maigida ya ɗago kai. "Haba Hajiya, ɗan yayyafi ne. Ko naman ne bai isa ba kike korarmu?"

Aka kwashe da dariya. Ban taɓa ɗaga murya ga maza a bainar jama'a ba sai ranar. "Alhaji, ƙarfe zai sauko maka a ka! Ka kwashi yaran nan!" Da ɗana ya ga fuskata, shi ya fara sungumar yara.

Iskar ta iso kafin su gama. Layin farantan da ke bakin lungu ya ɗaga kai, ya sauka, ya sake ɗagawa, ya ja baya da wani ƙara da har yau ina jinsa a haƙorana. Jarkokin ba su kai can ba. Ban yi shawara da kowa ba, na je na zauna kan ƙafar ƙarfen, na riƙe da hannu biyu. Ƙanwar maigida ta dire jarkarta ta zauna a ɗaya ƙafar, tana salati tana kuka. Ƙarfen na motsi a ƙarƙashinmu kamar dabba. Ranar kaɗai na gode wa Allah da ƙibar da likita ke yi mini faɗa a kanta. Haka muka zauna ruwa na dukanmu, har aka kewaye mu da jarkoki, har na leƙa na ga lungu ba kowa sai takalma.

Da mai sola ya iso ya ji inda muka zauna, sai ya dafe kai. Ya ce da tsawa ta faɗo, da zaman makoki aka yi maimakon suna. Ƙafar ƙarfen ta yage kwalta wuri guda, daidai saman gadona, na kwana biyu da roba a kan katifa kafin a like. Tuwon suna kuma ya ƙone. Amma ba wanda ya zubar da jini, ba uwar da ta koma gida hannu wofi.

Ban yi wa ƙanwar maigida faɗa ba, ko da yake duk gidan sun zuba ido suna jira. A inda ta fito, dutse in ba a ƙarƙashin tukunya yake ba, zaman banza yake yi. Abin da na koya ke nan: gadi da ido kaɗai bai isa ba, abin da ke riƙe da ran mutane sai kowa a gida ya san aikinsa. Tun daga ranar, duk baƙuwar da ta kwana gidana, kafin in nuna mata banɗaki sai na hau da ita sama, na ɗora hannunta kan bulon nan, na gaya mata abin da yake dannewa.